Makullin da Ke Wuyan Auta

Auta tana tsakar gida tana gugar hijabin da za ta sa gobe, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa, sai ta ji sallamar da ta sa ta kusa ƙona yatsa. Muryar Hajiya ce, mahaifiyar Dogo, wanda saura wata biyu a ɗaura musu aure shi da Auta. Hajiya kuwa ba ta taɓa tako gidan nan babu aike ba.

Mama ta fito da sauri tana gyara ɗankwali. "Lale, lale! Yau manya ne a gidan namu? Auta, kawo darduma, kawo ruwa!"

"A bar ruwan nan," in ji Hajiya. "Wajen 'yata na zo."

Auta ta durƙusa ta gaishe ta, kanta a ƙasa. Hajiya ta buɗe jaka, ta zaro wani ɗan kati fari, ta ajiye a kan dardumar. Tun kafin Auta ta kai hannu ta gane shi. Katin ofishinsu ne, cibiyar da masu damuwar zuciya suke zuwa su zauna da Dakta su amayar da abin da ke cin su. Babu suna a jikin katin, don ba sa rubuta suna. Lamba ce kawai, ɗari biyu da sha huɗu, sai rana da lokaci: Laraba, ƙarfe sha ɗaya. Da hannunta ta rubuta.

"A aljihun rigar Babanku na tsince shi zan ba da wanki," in ji Hajiya. "Duk Laraba sai ya ce mini ya tafi wajen tsofaffin abokan aikinsa. Ashe! To ke ce mai riƙe musu fayil, Dogo ya gaya mini. Tun yaushe yake zuwa? Me yake faɗa a kaina?"

Auta ta sani sarai. Wata bakwai ke nan tsohon hedimastan yana shigowa ta ƙofar baya, ya miƙa mata kati, ya zauna yana kallon takalminsa. Lokacin da ya fara zuwa ba ta ma san shi ne mahaifin Dogo ba. Ranar da aka kai ta gaishe da su ta ɗago ido ta gan shi a kan kujera, sai ta durƙusa ta gaishe shi kamar ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, don haka dokar aikinsu ta ce. Shi ma ya amsa, ya daɗe yana kallon ta.

"Hajiya, ki yi haƙuri," ta ce a hankali. "Ba ni da ikon cewa wane yana zuwa, ko ba ya zuwa."

"Ba ki da me?"

"Duk wanda ya shigo wajenmu akwai fom da muke sa hannu da shi, cewa maganarsa ba za ta fita ba. Ko zuwansa ma sirri ne."

"Ikon Allah! Mijina fa nake tambayarki, ba mijin maƙwabta ba! Shekara talatin da huɗu ina tare da mutum, yau yarinyar da aka haifa jiya-jiya za ta karanta mini fom?"

Mama ta harare ta. "Ke Auta, wane irin taurin kai ne wannan? E ko a'a kawai aka ce ki faɗa."

"Mama, in na ce a'a yau, ranar da na yi shiru an san e ke nan."

Hajiya ta miƙe, ta ɗauki katinta. "To ki ji da kyau. Gidana ba a shigo mini da ɓoye-ɓoye. Yarinyar da za ta dubi idona ta rufe mini maganar mijina, ba ta zama da ɗana. Ki zaɓa!"

Tana fita Mama ta ɗora hannu a ka. "Kin kashe ni, Auta! An sa rana, dangi sun ji, yanzu me zan ce musu? In ce kabad ɗin ofis ya hana ki aure?"

Auta ta koma ta ɗauki dutsen guga, hawaye yana ɗiga a kan hijabin, tana bin sa da guga yana bushewa.

Da la'asar Dogo ya zo. Ko hon bai yi ba, mesej ya turo: ina waje. Ta same shi jingine da mota, ya harɗe hannu, babu murmushin nan da yake tarbar ta da shi.

"Haba Autata," ya fara da lallashi. "Hajiya fa tun safe take kuka. Tun da Yaya ya rasu Baba ya daina mata magana sai ta dole. Tana ganin ko ya gaji da ita ne, ko wata cuta yake ɓoyewa. Ni ba fayil na ce ki sato ba. Kai kawai za ki gyaɗa mini, ni zan san yadda zan yi."

"Kan ma na ofis ne in dai a kan wannan maganar ce."

"Wai da gaske kike? Ni ne fa!"

"Na san kai ne. Shi ya sa ma abin ya fi yi mini ciwo." Ta ciro zaren da ke wuyanta, ɗan makulli yana reto a jiki. "Ka ga wannan? Mutum ɗari uku da wani abu ne a bayansa. Akwai matar da ko uwarta ba ta san tana zuwa ba. Fayilolin ma ni ba na karantawa, sai dai in ɗauko in miƙa wa Dakta, in mayar in kulle. Kwamfutar kuwa duk wanda ya buɗe sai ta rubuta sunansa da lokaci. In na buɗe baki saboda ina son ka, gobe wani zai zo da wanda ya fi so ƙarfi."

"Lakca kike mini?"

"Tambaya zan maka. In mun yi aure, ka zo mini da abin da ya dame ka cikin ɗaki, sai Mama ta matsa mini in gaya mata. In faɗa?"

Sai haushi ya kwashe Dogo. "Okey. Ki auri makullin naki!"

Ya ja mota da ƙarfi har ƙura ta tashi. Auta ta bi shi da kallo, amma ba ta kira shi ba.

Washegari ta yi abin da dokar aiki ta ce. Ta shiga wajen Dakta, dattijuwa mai farin tabarau da ba ta cika magana ba, ta gaya mata cewa an zo tambaya a kan mai lamba ɗari biyu da sha huɗu, kuma ba ta faɗi komai ba, ko kai ba ta gyaɗa ba. Dakta ta rubuta a littafi, ta ɗauki waya da kanta, don haƙƙin mai fayil ne ya san an bi sawunsa. Da ta gama ta dubi kumburarrun idanun Auta.

"Auren ne?"

Auta ta gyaɗa kai.

"Wannan kan dai naki ne, kina iya gyaɗa shi," in ji Dakta, ta tura mata kwalin tishu.

Laraba ta zo, sha ɗaya ta yi, kujerar gefen taga da mahaifin Dogo ya saba zama a kai ba kowa. Wata Larabar ma haka. Wannan ya fi komai ƙona wa Auta rai: ga auren yana neman watsewa, ga bawan Allahn da take karewa ya gudu. A gida kuwa gwaggonni sun yi ta sintiri. Wata ta ce boko ne ya hau mata kai, wata ta ce miji irin Dogo ba a tsintar sa a titi. Auta ta gaishe da kowa da ladabi, ta kawo musu shayi, amsarta ɗaya: "Ku yi haƙuri, ba nawa ba ne da zan bayar." Wayarta kuwa sau ɗari take dubawa a yini. Dogo bai kira ba.

A Laraba ta uku, wajen sha ɗaya saura, aka turo ƙofar gaba. Hajiya ce, Dogo yana bin ta a baya kamar wanda aka jawo da igiya.

"Na zo in gani da idona," in ji Hajiya. "Ina ne ake ajiye sirrin mazan mutane?"

Auta ta miƙe ta gaishe ta. Idon Hajiya ya sauka a kan kabad ɗin ƙarfen da ke bayan teburi, kowace durowa da lambobi a goshinta. Ta nufe shi kai tsaye. Auta ta riga ta, ta tsaya ta jingina bayanta da ƙarfen.

"Matsa!"

"Hajiya, ke uwa ce a wurina. In kin ce in kwanta ki taka ni, zan kwanta. Amma wannan kabad ɗin ba zai buɗu ba."

"Dogo, kana ji? Kana tsaye tana gaya mini magana?"

Dogo ya dubi uwarsa, ya dubi Auta da ta rame cikin sati uku, amma ko taku ɗaya ba ta matsa ba. "Hajiya, don Allah mu tafi. Gaskiyarta ce."

"Kai ma?"

"Assalamu alaikum."

Duk suka juya. Baba ne tsaye, riƙe da sandarsa, kuma ta ƙofar gaba ya shigo, wadda bai taɓa bi ba.

"Ki rabu da yarinyar nan," ya ce wa Hajiya. "Abin da kike nema ba a kabad yake ba, yana nan." Ya dafa ƙirjinsa. "Dakta ta gaya mini an zo tambaya, sai kunya ta hana ni dawowa. Sati uku ina jiran in ji maganata a bakinki, in san an sayar da ni. Shiru. Sai ji na yi an ce za a fasa aure."

Ya zauna a kujerar gefen taga, ya ajiye sandar.

"Ranar da babban yaronmu ya yi hatsarin da ya tafi da shi, ni na aike shi. Ya ce mini ya gaji, Baba a bari sai gobe. Na ce sai yau. Ke ba ki sani ba, kina kicin. Shekara biyu duk sanda na dubi fuskarki sai in ji ni na raba ki da shi. Ga hawan jininki, ina zan iya faɗa miki? A ɗakin can kaɗai nake iya kuka."

Jakar Hajiya ta suɓuce ta faɗi. Ta dube shi.

"Malam... ni na ɗauka ni ka tsana. Ni ce fa na ce masa ya ɗauki babur, motar ba mai. Kullum da ita nake kwana."

Sai ta fashe da kuka irin wanda aka daɗe ana dannewa. Dogo ya juya wa bango fuska. Auta kuwa ta tafi a hankali ta murza makullin ƙofar gaba, ta saki labule, don kada wani ya shigo ya ga abin da ba nasa ba.

Dakta ta leƙo daga ɗakinta. "Sha ɗaya ta yi. Kai kaɗai ne, ko da baƙuwa?"

Baba ya dubi matarsa. "In za ta shigo."

Hajiya ta share fuska da gefen mayafi. A bakin ƙofa ta tsaya, ta juyo wajen Auta. "Abin da zan faɗa a ciki... ko wancan dogon ba zai ji ba?"

"Ko shi, Hajiya."

"Ko ya yi fushi?"

"Ai ya gwada," in ji Auta.

Hajiya ta yi wata 'yar dariya cikin hawaye, ta shige. Ƙofa ta rufu.

Dogo ya matso yana sosa ƙeya. "Sori, Autata. Na yi wauta."

"Ka ce in auri makulli."

"To ai shi ne na zo neman alfarma a wajensa, ko zai bar mini ke."

Ta juya kai don kada ya ga murmushinta, amma ya riga ya gani.

Ranar da aka sa ba ta motsa ba. Hajiya da kanta ta koma gidan Mama, wannan karon ta sha ruwan, ta ce a gaban gwaggonni: "Yarinyar da ta hana ni, ita nake so ta riƙe mini ɗa."

Wata uku bayan biki, wata safiyar Laraba suna shan shayi, Dogo ya dubi amaryarsa ta gefen ido. "Ni kuwa Hajiya duk ranar Litinin sai ta ce za ta unguwa, ta dawo tana fara'a. Ko dai wajenku take zuwa?"

Auta ta ƙara masa sukari, ta gyara zaren wuyanta. "Ranka ya daɗe, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Sha shayinka zai huce."

Sirrin da aka ba mutum amana ne, ba kayansa ba ne balle ya yi kyauta da shi don a so shi. Wadda ta tsaya a kan amana za ta sha surutu, za ta yi kuka, amma in ta yi haƙuri, waɗanda suka fi kowa jin haushinta su ne za su fara kawo mata tasu ajiyar.