Lallen da Ya Kai Su Kotun Inugu

Ranar zaɓen sanata suka fara haɗuwa, a harabar wata firamare da ke bayan kasuwar Ose Okwodu a Anacha, kuma a tsakiyar faɗa.

Rahamatu, 'yar Alhaji Na'Allah dillalin albasa, ta zo da matan unguwarsu, hannayensu jawur da lallen bikin ƙawarta Zuliha. Malamin zaɓe, ɗan gari ne, ya dubi babban yatsanta ya ture mata katinta.

"You don vote before! Ga tawada nan!"

"Tawadar gidanku!" in ji Rahamatu. "Lalle ne, malam. Ko makaho ya shinshina ya sani!"

Sai wani dogon saurayi ya taso daga bencin wakilan jam'iyyu. Nasidi ne, direban tirela a tashar Head Bridge. Ya yi wa malamin bayani da Inyamuranci har ya yarda, mata suka dangwala. Da za ta wuce ya ce a hankali, "Attaruhu, a rage zafi."

Ta harare shi. Amma har ta isa gida tana jin muryar.

Kafin azumi ya raba, Nasidi ya san hanyar zauren Alhaji. Ita tana kiransa Ɗan Hamayya, domin maigidansa mai motoci mutumin Injiniya ne, ɗaya daga 'yan takarar, shi ya tura shi wakilci, alhali duk Hausawan Ose na Dokta ne, abokin takararsa, wanda ya yi musu alkawarin ba za a tashe su daga rumfunansu ba.

Dokta ya ci da ƙyar. Injiniya ya ƙi yarda. Aka sake ƙirga, tazarar ta ƙara tsukewa, sai ya garzaya kotun zaɓe a Inugu yana neman a soke akwatin unguwar Hausawa. Hujjarsa: matan sun zo da tawada a yatsa, sau biyu suka jefa.

Dogara, mai kula da siton Alhaji da tuƙa motar albasarsa, wanda ya daɗe yana son Rahamatu ba ta ko kallonsa, shi ya kawo labarin.

"Alhaji, surukin naka ne babban shaidar Injiniya. Har sabuwar tirela an yi masa alkawari."

Alhaji ya shigo gida yana huci.

"Rahamatu! Daga yau in na ƙara ganin ƙafar yaron nan a ƙofata, sai na karya ta!"

"Baba, a ji ta bakinsa mana."

"Bakin da zai kira ki ɓarauniya a gaban alƙali? Ke, kin san abin da ake kira baƙunta? A kafaɗa na ɗauke ki muka bar garin nan lokacin tashin hankali. Na dawo na tarar ko kwando ba a bar min ba. Yanzu masu gari na faɗansu, shi zai miƙa musu mu su yanka!"

Ta shige ɗaki, ba kuka take ba, tafasa take. Da Zuliha ta kawo mata kaset daga Nasidi, saura kaɗan ta jefa shi a murhu. Daga baya ta saka a rikoda, ta rage murya.

"Attaruhuna, salamu alaikum. Gaskiya ne sun sa sunana. Oga ya ce in ban je ba in ajiye makulli. Zan je. Ba zan gaya miki abin da zan faɗa ba, don kunnuwa sun yi yawa. Ki zo Inugu ki ji da kanki. Ko kina fushi ki ci abinci."

Ta juya kaset ɗin ta naɗa tata amsar.

"Ɗan Hamayya, zan zo. In ka kira ni ɓarauniya, a gaban alƙalin zan cire takalmi. Kuma ba ruwanka da cikina."

Dama lauyan Dokta ya nemi matan su halarta. Alhaji ya zuba su a akori-kurarsa, ya ja su har Inugu.

Kotu ta cika. Nasidi ya hau akwatin shaida da farin kaftani, ya rame. Lauyan Injiniya ya matso yana murmushi.

"Ka ga matan da yatsu a rine kafin su jefa ƙuri'a?"

"Na gani."

Rahamatu ta kai hannu kan takalminta. Alhaji ya damƙe carbinsa.

"Wato sun riga sun jefa a wani wuri."

"A'a, ranka ya daɗe. Lallen biki ne. Ni na roƙa aka bar su, kuma sau ɗaya kowacce ta jefa. A gabana aka yi."

Lauyan ya daka masa tsawa, ya ce ba haka suka shirya ba. Kotu ta kaure, alƙali ya buga tebur ya ɗage zama.

A waje, motar jam'iyyar Injiniya ta tashi ta bar Nasidi. Kafin ta tashi sai da maigidansa ya leƙo ta taga ya karɓe makullin tirela, ya tofa yawu a ƙasa. Nasidi ya tsaya shi kaɗai a rana.

Alhaji ya taka burki a gabansa.

"Shiga, sakarai! Ko a ƙasa za ka je Anacha?"

Tun daga Inugu har Oka faɗa yake yi masa. Wa ya aike shi wakilci? Da me zai ci abinci yanzu? In 'yan daban Injiniya suka tare shi fa? Nasidi dai "Allah ya huci zuciyarka, Baba" kawai yake cewa. Rahamatu na baya cikin mata, ta rufe fuska da mayafi tana dariya da hawaye tare.

Da suka tsaya shan mai ta leƙo.

"Ɗan Hamayya."

"Na'am, Attaruhu. Takalmin fa?"

"Yana ƙafata. Ka ci abinci kuwa?"

"Wa ya ba ku izinin hira?" Alhaji ya daka tsawa. Ya share gumi da hularsa. "Kai, kana da manya a garin nan, ko daga sama ka faɗo? Ka turo su Juma'a. Kuma motar albasata ba ta da direban kirki, Dogara duk ya kashe min giyarta."

Shari'a kuwa ta yi ta jan ƙafa, daga wannan kotu zuwa waccan, lauyoyi na ƙiba. A ƙarshe aka soke akwatin bisa wani dalili dabam, wai sa hannun malamin zaɓe bai fito ba, Injiniya ya tafi majalisa. Ranar Alhaji ya zagi rediyo kamar mutum.

Bayan babbar Sallah liman ya ɗaura aure a masallacin unguwa, aka raba goro har Head Bridge. Da za a kai amarya, Alhaji ya riƙe hannunta ya daɗe bai saki ba.

"Kujera sun ƙwace, rumfa ma ban san gobenta ba," ya ce wa Nasidi. "Wannan ce kaɗai ban yarda a taɓa min ba. Ga ta nan."

"Na karɓa da amana, Baba."

"Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya a garin mutane. Ku tafi, kun tsaya kuna kallona!"

Mata suka rangaɗa guɗa, mota ta tashi.