Mamacin da Ya Zuba Ƙaiƙayi

Ranar Juma'a da hantsi masunta suka tsamo gawar Haladu a ƙarƙashin gadar Wudil. Likita ya ce tun Talata ya rasu, kuma ba ruwa ne ya ci shi ba, duka ne a ƙeya.

Lokacin gwamnati na samun kuɗin fetur da yawa, kowace ma'aikata kwamfuta take so. Haladu da abokan aikinsa biyu, Rahmatu da Gwadabe, suna rubuta manhaja a wani ɗan ofis bayan kasuwa. Can Sufeto Gidaɗo ya nufa.

Ya tarar da Rahmatu a waje, ta ƙi shiga.

"Yallaɓai, mamaci yana aiki," ta ce. "Muna da ma'ajiya a intanet. Duk wanda ya zuba gyara, sai ta rubuta sunansa da ranar. Jiya Alhamis sunan Haladu ya fito."

Sufeto, mutumin da gawa ba ta hana shi cin goro, sai da ya yi addu'a kafin ya shiga ofishin. Ga hular Haladu a kan tebur, ga kwamfutarsa a kashe.

"Likita ne ya yi kuskure, yallaɓai," in ji Gwadabe. "Alhamis yana raye. Ni kuwa tun Laraba ina Kaduna, sai yau na dawo."

Da ƙyar Sufeto ya lallashi Rahmatu ta buɗe aikin na Alhamis. Ta duba, ta sake dubawa.

"Fayil ɗari uku! Wallahi ba Haladu ba ne."

"Ta yaya kika sani?"

"Akwai abin da muke rubutawa da hannu, akwai wanda na'ura ke fitarwa da kanta idan an haɗa manhaja. Shi Haladu ke kira ƙaiƙayi, ya hana a zuba shi a ma'ajiya. Sau ɗaya na yi, kwana biyu bai amsa gaisuwata ba."

"Ƙaiƙayin nan yana nuna na'urar da ta fitar da shi?"

Ta buɗe guda. A layin farko, ga sunan kwamfutar Gwadabe ɓaro-ɓaro.

Gwadabe ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Na sayar da manhajar a ɓoye, ya ce zai tona, shi ne ranar Talata na buge shi a ƙeya na jefa shi ruwa. Na san lambar sirrinsa, na shiga da sunansa daga Kaduna don a zaci yana raye."

Ana ɗaura masa ankwa, idonsa na kan hular nan.

"Shekara uku yana ce mini in daina zuba ƙaiƙayi," ya ce a hankali. "Ban taɓa ji ba."