Sifikokin Auren Nafeesa

Ni na fara ganewa. Kafin ango, kafin amarya, kafin matan da suka zo daga baya suna guɗa. Ni Tanimu Mai Rediyo na Karmo, wanda bai taɓa zama a aji ba, wanda aka rushe wa shago sau uku yana sake kafawa, har masu rushewar suka gaji suka yi ritaya.

Ranar da Malam Lukmanu, mai ban ruwan fulawa a wani gida a Maitama, ya tsayar da Keke Napep a ƙofar shagona don in ga sifikokin da ya saya wa ’yarsa Nafeesa na kayan ɗaki, ƙwanƙwasa ɗaya na yi wa akwatin na san abin da ke ciki. Dogaye ne guda biyu, kowacce ta kai ƙirjina, ga fitilu ja da shuɗi. Babur ɗinsa ya sayar ya saye su.

“Ɗaga ka ji nauyi!” ya ce. “Mai kayan ya ce nauyin sifika shi ne ƙarfinta.”

Na dubi fuskarsa, na haɗiye maganata. “Allah ya sanya alheri,” na ce.

Kwana biyu tsakani sai ga Nafeesa da angonta Hanif, ƙaramin ma’aikaci a wata ma’aikatar tarayya, sun kinkimo ɗaya. Tun daga bakin titi suke faɗa.

“Feesa, please ki fahimce ni! Wata takwas ina bincike. Na samu risiba tokumbo, ta hannu amma mai lafiya, ita ke raba wa kowace sifika nata sautin. Na samu ƙanana biyu, da ta tsakiya don a ji maganar ’yan fim, da wufa mai ba da kaurin sauti. Daidai aljihuna, daidai falonmu.”

“To na Baba fa?”

“Falon nan taku biyar ne! Ina za a sa su?”

“Inda za a sa naka.”

“Habibty, irin waɗannan fa masu tallar maganin basir ke ɗaurawa a kan mota...”

Nafeesa ta tsaya cak. Ta tuna Babanta da asubar jiya, yana ɗaure takalminsa da leda zai taka zuwa bakin titi neman mota, shi da ya shekara goma sha biyu a kan babur.

“Baba Tanimu,” ta ce da ni, “don Allah a jona. Ya ji da kunnensa ya daina raina mana.”

Na jona. Fitilu suka kama rawa. Sauti ya fito kamar an rufe ƙuda a gwangwani.

“Wayar ce,” ta ce da sauri. “Wayar ce ba kyau.”

“Baba Tanimu, buɗe mana bayanta,” in ji Hanif.

Ban so ba, wallahi ban so ba. Na kwance kusoshin. A ciki ’yar sifika ce kamar murfin kofi, mayen ƙarfenta bai kai ƙwandala ba. A ƙasa kuwa, an ɗaure da waya, rabin bulo na siminti. Nauyin kenan. Tir! Wanda ya dubi tsoho mai aurar da ’ya ya sayar masa da bulo, ban san ruwan da zai wanke shi ba.

Hanif ya tuntsire da dariya. Har ya zaro waya ya ɗauki hoto.

“Kai! Sai ’yan ofis sun ga wannan. Gini Baba ya saya mana!”

Nafeesa ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Dariyar nan ce ta fara sace mata zuciya a layin banki shekara biyu da suka wuce. Yau ita ce ke tayar mata da zuciya. Farar rigarsa, turarensa, haƙoransa, duk ƙyamarsu take ji.

“Ka gama?”

“Feesa, wasa nake...”

“Ubana ne wasan? Babur ɗinsa ne a cikin akwatin nan, Yaya Hanif. Ƙafarsa ce!”

“Ban sani ba...”

“Ba ka tambaya ba! Ka san sunan kowace waya, ba ka san da me aka sayi kayan matarka ba. To ka ji da kyau: gidan da sifikar Babana ba za ta shiga ba, ni ma ba zan shiga ba.”

Ta fita tana goge ido da gefen mayafi. Saura kwana tara ɗaurin aure.

Kwana huɗu ba ta ɗaga wayarsa ba. Ba fushin ne ya fi cinta ba, tsoro ne. In aka kai kayan nan ranar jere aka kunna a gaban gwaggonnin Hanif, masu leƙa ƙasan gado da juya tukunya su ga tambarin kamfani, Babanta ya gama kunyata har abada. In ba a kai ba, da wane baki za ta gaya masa dalili? Kullum da yamma sai ya dawo da ƙura a ƙafa ya tambaye ta, “An gwada kuwa? Yaron ya yaba?” Ta ce, “Ya yaba, Baba,” ta shige ɗaki.

Rana ta biyar da hantsi ta zo ɗaukar akwatin. Ta tarar da guda biyu a buɗe, don Ummanta ta ba Hanif ɗayar a ɓoye. Ta tarar da Hanif a tsugunne a ƙasa, ya tsere daga ofis, garin katako har a gashin ido, yatsa ɗaya a naɗe da tsumma.

“Me kake yi a nan?”

“Ina riƙe wa Baba Tanimu katako.”

Shi ya zo da shawarar, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma dabarar tawa ce. Shi cewa ya yi a farke nasa ƙananan sifikokin a ɗaura cikin na Lukmanu. Na ce kai yaro, ƙaramin akwatin nan shi ne ran sifikar, in ka raba su ka kashe ta. Sai na fitar da bulo, na kafa kanta a ciki, na zaunar da nasa ɗungurungum a bayan ragar gaba, na cusa auduga kada su yi rawa, na ja waya zuwa risibarsa. Fitilun na ba su tasu wutar daban.

“Hoton fa?” ta ce.

“Na goge tun a ranar. Ban tura wa kowa ba. Feesa... na yi abin kunya.”

“Ka yi.”

“Na sani.”

“Ka ce falon taku biyar ne.”

“Na fitar da kujera ɗaya. A ƙasa zan riƙa zama.”

Ta so ta ci gaba da fushi. Hawaye suka ƙi ba ta dama.

“Ji yatsanka,” ta ce. “Ko guduma ba ka iya riƙewa ba.”

“Ki koya min, amaryata.”

Ranar jere Malam Lukmanu ya ce shi da kansa zai sauke su daga mota. Nafeesa tana kallo ta taga. Ya rungumi ta farko, ya ɗaga... ya tsaya. Mutumin da ya shekara talatin yana ɗaukar tukwanen fulawa na siminti, hannunsa ba ya manta nauyi. Ya sake jijjiga ta. Ya dubi Hanif, Hanif ya sunkuyar da kai.

Aka jona, aka kunna. Ƙira’a ta cika falon, tsaf, kamar mai karatun yana zaune a kan darduma. Gwaggonnin da suka zo da baki a taɓe suka shiga shafa akwatin.

“Uban amarya ya yi ƙoƙari! Wannan ai daga waje aka kawo!”

Malam Lukmanu ya kamo hannun Hanif, mai yatsan nan, ya riƙe da hannu biyu.

“Ɗana,” ya ce, “Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira.”

Nafeesa ta toshe baki da mayafi ta yi kuka mai isarta.

Washegarin biki ya zo shagona. “Tanimu, ba ni abina.” Ban tambaye shi wanne ba. Na ba shi bulo ɗaya, yanzu tukunyar fulawa ke kansa a ƙofar gidansa, shi da bakinsa yake ba baƙi labarin yana tsine wa mai kayan. Ɗayan na hana.

Yana nan ƙarƙashin teburina, da wayarsa a ɗaure. Mai cewa ƙarya nake ya hau mota ya sauka Karmo, ya tambayi yaro ko babba shagon Tanimu. Ya zo ya ɗaga. In ya ɗaga ya sake cewa ƙarya ne, a kansa zai koma gida da shi.