Motar Alhaji Baƙo da Ta Tashi Ba Direba

Ranar da Kubura ta fara ganin Kailu, ƙafafunsa kawai ta gani. Sauran jikinsa yana ƙarƙashin sitiyarin wata mota a garejinsa da ke bakin kasuwar Filinge. Sai da ta yi sallama ya fito, da wayar lantarki a bakinsa, ya kasa amsawa. Dariya ta kubce mata.

Motar babanta ta kawo. Alhaji Baƙo, ɗan kasuwar hatsi, hawan jini ya sa shi gaba, likita ya hana shi shan zafi, ga motarsa tana wuni cikin rana har kujera ta ƙi zaunuwa. Kubura ta ji labarin wata na'ura da ake sa wa mota, mutum ya latsa telekomand, wato rimot, daga inuwa, inji ya tashi, sanyi ya cika ciki kafin ya shiga.

"Ina iya sa ta," in ji Kailu. "Amma tun da soja sunka hau anka rufe iyaka, kaya ba su zuwa cikakku. Akwai wani ɗan ƙarfe da ka hana ta tashi in tana cikin giya, shi bai iso ba."

Ta ce ya sa hakanan. Aikin wuni guda ne, amma ya ɗauke su mako, don kullum Kubura tana da dalilin leƙowa, shi kuma kullum akwai wayar da bai gama ɗaurewa ba. Ran da ya miƙa mata telekomand ya ce, "Ki gaya ma Alhaji, kada shi bar ta cikin giya. Shi ja birkin hannu kawai." Ta gyaɗa kai. Gaskiyar magana, bakinsa take kallo, ba ta ji komai ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Hasken garejina, tun da kinka tafi wurin ya yi duhu."

Ta mayar: "Injiniya, to ka gyara lantarkinka mana."

Ba a daɗe ba magabatan Kailu suka zo gaisuwa. Alhaji ya karɓe su ba yabo ba fallasa, don zuciyarsa tana wajen Manzo, ɗan amininsa na Abala mai shagunan taya, wanda yake so ya ba Kubura.

Sai tsautsayi ya gitta. Birkin hannun motar ya mutu tun tuni, shi ya sa Alhaji, kamar direbobin garin da yawa, giya ta ɗaya yake bar mata a ƙofar gida. Ranar Juma'a yana alwala Kubura ta latsa telekomand don ta sanyaya masa mota. Motar ta yi tsalle ta daki katangar zaure, katanga ta zube a kan tabarmar da Alhaji ya tashi daga kai ba da jimawa ba.

Manzo ya samu abin faɗa. Ya bi rumfuna yana cewa Kailu ya sa wa tsoho aljani a mota. Alhaji ya aika a kira Kailu, ya tambaye shi a gaban jama'a, "Ka gargaɗe mu ko ba ka gargaɗe mu ba?"

Kailu ya ɗago ya hangi Kubura a bayan ƙofa, sai ya sunkuyar da kai. "Laihina ne, Alhaji. Bai kamata in sa ta ba ƙarfen nan bai iso ba."

"To ka fita harkar ɗiyata."

Washegari Kailu ya dawo, ba wajen Kubura ba. Ya rufe gareji, ya naɗe wando, ya shiga kwaɓa ƙasa tare da magina. Kubura tana hangensa ta taga da laka har gwiwa, kuma a lokacin ne maganarsa ta ranar ta dawo mata tiryan-tiryan. Kunya ta kama ta, ga tausayi, ga son da ya ƙaru.

Ta rubuta masa: "Ka faɗa mini, ni na manta. Don mi ka yi shiru?"

Ya amsa: "Da a kira ki sakarya gaban gari, gara a kira ni. Katanga ce, Haskena, tana ginuwa."

Ba ta iya cin abinci ba. Bayan la'asar ta durƙusa gaban babanta ta faɗa masa komai, hawaye na zuba. Alhaji ya tashi ya fita waje. Can ya tsaya yana kallon Kailu da kwandon laka a ka.

"Kai yaro, aje wannan. Ƙarfen naka ya iso?"

"Jiya, Alhaji."

"To je ka sa shi. Ka gyara min birkin ma, ni ma ina da nawa laihin. Ka ce ma iyayenka su dawo."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a sabon zauren. Da za a kai amarya, Alhaji ya leƙa motar da kansa, ya girgiza giya ya tabbatar ba a bar ta ciki ba, mutanen da ke jingine da katanga kuwa suka matsa gefe ana dariya. Ya latsa, inji ya tashi, motar ba ta motsa ba.

Ya damƙa telekomand a hannun Kubura, ya kama hannun Kailu. "Wanda ya ɗauki laka don rufa miki asiri, ban da tsoron ba shi ke. Allah shi yi muku albarka. Ke kuma, in ya yi magana, ki dinga saurare."

Kubura ta rufe fuska da mayafi, tana kuka tana dariya, jama'a suka amsa da amin.