Giyar Matsarmama

Hantsi ya ɗaga sa'ad da rahoton ya iso ofishin 'yan sanda na Kebbe. An tsinci samari biyu kwance a bakin fadama, kumfa na fita daga bakinsu. Lauwali, ɗan Malam Ɗanmaliki ladan, ya cika tun kafin a kai shi gida. Abokinsa Ubaidullahi kuwa an ɗora shi a motar kaya zuwa asibitin Tambuwal.

Sufeto Ɗangiwa na ɗaure takalmi wayarsa ta yi ƙara. Likitar asibitin ce, Dakta Ni'imatu.

"Sufeto, yaron nan guba ya sha. Numfashinsa sai ja da baya yake. Maganin gona nake zargi, amma iri-iri ne, kowanne da maganinsa. Ka gano min abin da ya shiga cikinsa."

"Danginai mi sunka ce?"

"Wai iska ce ta taɓa shi. Uwarsa Fatsuma na nan tana birgima a baranda, ita ma ba ta san komai ba."

Sufeto ya ja tsaki. Aiki ya daɗe da koya masa cewa babu wanda ake ɗora wa laifin banza kamar aljani. Ya hau bayan babur ɗin Kofur Na'iya suka kama hanya.

Ƙofar gidan ladan ta cika da mutane. An riga an yi wa gawa wanka. A tsakar gida ga sabon rumbu da ba a gama ba, ga lakar gini ja a gefe, an kwaɓa ta da ramno, wato busasshiyar ciyawar da ake dakawa don laka ta kama.

Malam Ɗanmaliki na zaune bisa buzu, carbi a hannu. Dogo ne, fari, bai ɗaga kai ba.

"Allah shi jiƙan rai, Malam. Wa ya ba da iznin wanka?"

"Sunna ta ba da."

"Mi Lauwali yas sha?"

"Ajali yas sha, ranka shi daɗe."

"Malam, akwai ɗan wani can Tambuwal, rai ga hannun Allah. Magana ɗaya na iya tsamo shi."

"Allah shi ba shi lafiya." Carbin bai tsaya ba.

Sufeto ya ce a kawo masa kayan da aka tuɓe wa mamacin.

Rigar na tashin wani wari mai tsami, da ƙamshin citta a ƙarƙashinsa. A aljihun wando ya zaro busassun ɓawo masu kama da takarda. Na matsarmama ne, wannan ciyawar fadama mai 'ya'ya ƙanana cikin 'yar riga, wadda yara ke fasawa a goshi.

Ƙaton saurayi mai gemu, me ya haɗa shi da wasan yara?

Ya nemi ganin ƙanwar mamacin. Hamdiya ta fito bakin ɗakin girki, idanu sun kumbura, tana satar kallon inda ubanta yake.

"Ɗiyata, dube ni, ba shi ba. Wa ka tsinko matsarmama gidan ga?"

"Ni ce. Yaya Lauwali ka sa ni. Kwarya-kwarya. Ya ce maganin basir za shi haɗawa."

"Da mi?"

"Da dawa. Shi ka jiƙa ta, shi shimfiɗa bisa soro har ta tsiro. Ya ɗauke babban tulun Inna ma, har yau ba a gane shi ba."

Jiƙaƙƙiyar dawa mai tsiro. Sufeto ya san abu ɗaya ake yi da ita, kuma ba kunu ba ne.

"Yaushe rabonki da gona?"

"Tun Jumma'a. Baba ya hana mu zuwa. Awaki ma ya sa anka maido su gida."

"Wa ka bin yayanki ban da Ubaidullahi?"

"Uthman ɗan kabu-kabu."

Sun sami Uthman a bakin tasha, ya ɓoye kai ƙarƙashin babur kamar mai gyara. Kofur Na'iya ya jawo shi ta ƙafa.

"Wallahi, yallaɓai, rabona da Lauwali tun..."

"Rufe min baki." Sufeto ya kama hannunsa ya juya. Ƙarƙashin farata duk ya rine da ɗorawa-ɗorawa, launin ruwan matsarmama. "Wannan fa? Baƙin mai ya koma rawaya?"

"Goro na."

Sufeto ya cafki kwalar rigarsa ya haɗa shi da jikin rumfa, har kwano ya yi ƙara.

"Ɗaya ya mutu. Ɗaya na mutuwa yanzu haka da nika maka magana. In ya cika, kai ka kashe shi, kuma da hannuna nika rubuta haka. Mi kunka zuba cikin giyar?"

Uthman ya ɗaga hannuwa sama.

"Ba mu zuba komi ba, na rantse da Allah! Ga waya nig gani, Turawa ka yi da wasu 'ya'yan itace, nac ce ai ga matsarmama nan banza. Dawa ce, da sukari, da citta. Mun sha ta farko da damina, ko ciwon kai babu. Wagga kuwa yau munka shirya buɗewa, sai nis samu fasinja zuwa Dogon Daji. Da ni ma ina kwance."

"Ina tulun?"

Uthman ya kai su gonar ladan, can ƙarshen fadama. A bayan bukkar gona, ƙarƙashin tarin kara, an binne tulun har wuya. Ga kofin roba biyu a yashe. Kewaye da bakin tulun kuwa ƙudaje da tururuwa ne matattu, baƙi ƙirin, kamar an watsa barkono.

Sufeto ya durƙusa ya shinshina daga nesa. Tsami da citta sun danne komai. Ya duba ko'ina, babu kwalba, babu leda. Wanda ya zuba abin ya tafi da mazubinsa.

Wayarsa ta sake ƙara.

"Sufeto, ya fara shiɗewa. Ba na son in yi masa allura bisa zato, amma na kusa."

"Ba ni kaɗan, likita."

Ya tsinci ɓallin lakar da aka toshe bakin tulun da ita, wadda samarin suka fasa. Ya juya ta a tafin hannu. Hawa biyu ce. Ta ƙasa baƙa, mai santsi. Ta sama ja, da tsinkayen ciyawa a ciki.

"Kai, da wace laka kunka yaɓe shi?"

"Ta nan bakin ruwa, yallaɓai. Baƙa."

"Kun sa ramno?"

"Ramno? Ina munka iya wannan?"

Sufeto ya miƙe a hankali. Suka hau babur. Kofur Na'iya dai ya ji yatsun maigidansa sun nutse a kafaɗarsa.

Sun tarar an fito da makara ƙofar gida, mutane sun fara jera sahu. Sufeto ya ratsa su ya tsaya gaban ladan.

"Malam, mu shiga ciki."

"Bari a sallaci ɗana."

"Ciki, ko in faɗa nan gaban jama'a."

Wannan ce kaɗai ta motsa shi. Suka wuce zaure zuwa tsakar gida. Sufeto ya ɗora ɓallin lakar a jikin sabon rumbu. Launi ɗaya, ciyawa ɗaya, har da irin shafar hannu.

"Ka buɗe tulun, ka zuba, ka maida yaɓe da lakar rumbunka. Ka hana yara zuwa gona. Ka kwashe awaki. Awaki, Malam! Ka tuna da awaki!"

Carbin ya tsaya.

"Ban san abin da kaka..."

"Mi kaz zuba?" Tsawar ta sa kaji suka watse. Mata suka leƙo daga ɗakuna. "Ba don Lauwali nika tambaya ba, shi ya tafi. Ɗan Fatsuma nika tambaya. Ka faɗa, ko ka ɗauki gawa biyu zuwa gaban Allah da kaka kira wa salla!"

Ladan ya sunkuyar da kai.

"Fiya-fiya," ya ce, da kyar. "Wadda nika sa wa wake."

Sufeto ya juya masa baya, ya danna waya.

"Likita, fiya-fiya ce, ta adana wake."

"Na gane." Kafin ta kashe ya ji ta tana ƙwala wa nas kira.

Sai a sannan Malam Ɗanmaliki ya zube gindin rumbu. Hularsa ta faɗi, bai ɗauka ba.

"Jumma'a nig gane tulun. Giya, cikin gonata. Ni da muryata ka tada unguwa da asuba. In na fasa shi, wari ya cika fadama, maƙwabta su ji. In na kai ƙara ga hakimi, gari ya ji. In na yi wa yaron magana, ya ɗaga min murya, gida ya ji. Nac ce bari in ɓata abin. In sun buɗe sunka ji warin magani, su zubar, su ji tsoro, magana ta mutu ba wanda yaj ji." Ya rufe fuska da tafuka. "Ban san citta na danne wari ba. Wallahi ban sani ba."

"Wannan alƙali ka duba shi," in ji Sufeto. "Amma tun safe ka san abin da ke cikin ɗan mutane. Na tambaye ka baki da baki. Kac ce min ajali."

A bakin ɗakin girki Hamdiya ta toshe baki da gyale, kukan ya ƙi fita.

Suna nan tsaye har wayar ta sake ƙara. Sufeto ya saurara, ya lumshe ido, ya sauke numfashi.

"Kumfar ta tsaya. Ya fara jan numfashi da kainai. Likita ta ce akwai rabo."

Kofur Na'iya ya zaro ankwa. Malam Ɗanmaliki ya miƙa hannuwa ba gardama. Da ƙarfen ya ɗana, ya ɗago kai ya dubi zaure, inda hayaniyar masu jana'iza ke shigowa. Ya matso kusa da Sufeto, ya rage murya.

"Ranka shi daɗe, alfarma guda. Akwai 'yar ƙofa nan baya, ta wajen garke. A fitar da ni ta can. Kada mutane su gani."

Sufeto Ɗangiwa ya waiwaya inda hular ta faɗi. Ya sunkuya ya ɗauki hular, ya kakkaɓe, ya ɗora masa a ka.

"Kofur," ya ce, "ta zaure."