Kwana Huɗu Cikin Mayafi

"Cire mayafin nan in gan ki, Sa'adiyya."

Kwana huɗu ke nan Iliyasu yana zuwa zance ana ce masa ba ta jin daɗi, ga biki saura wata guda. Yau daga gonar shinkafa ya zarce, taɓo har gwiwa.

Ta janye mayafin. Fatar kumatunta ta yi duhu tana saɓa kamar ɓawon albasa.

"Wa ya yi miki wannan?"



Ta yaya za ta ce da ƙafarta ta je asibiti a Kano, likitar fata ta shafa mata ruwan maganin da ke ɗaye fatar sama don tabon ƙuraje ya gushe? Ta yaya za ta ce mahaifiyarsa ce sila, ranar da ta ce a wurin turara shinkafa, "Duk 'yan matan Kura ya rasa ta aure sai mai tabo"?

"Nafisat ce ko?"

Nafisat 'yar kawunsa ce, wadda dangi suka so ya aura. Ta taɓa cewa a gaban ƙawaye sai ta ga bayan wannan biki.

"Maganin feshi ta zuba miki a man shafawa? Na san yadda yake ƙona fata, abar ƙaunata."

Ta sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ɗauka amsa ce.

Kafin azahar magana ta cika unguwa cewa Iliyasu ya zargi Nafisat da ƙona fuskar Sa'adiyya. Kawunsa ya rantse in ba a wanke 'yarsa ba, babu wanda zai karɓa wa Iliyasu aure.

Sa'adiyya ta rasa abin yi. In ta faɗa, ta kunyata surukarta. In ta yi shiru, an zalunci Nafisat. Da mahaifiyarta na raye, da ta tambaye ta...

Ta ɗauki takardar asibiti ta nufi gidan su Iliyasu.

Ta tarar da shi da mahaifiyarsa da kawunsa a tsakar gida, Nafisat na kuka. Ta durƙusa ta miƙa wa mahaifiyarsa takardar, ta faɗi komai, maganar tabo kaɗai ta haɗiye.

"Kika bar ni na zargi 'yar'uwata?" in ji Iliyasu. "Ni na taɓa ce miki tabon ya dame ni?"

"Ba kai ba ne..."

"To wa?"

Mahaifiyarsa ta daɗe tana juya takardar da ba ta iya karantawa ba.

"Ni ce," ta ce. Ta dubi Sa'adiyya. "Me likitar ta ce ki kiyaye, 'yar nan?"

"Rana, Inna. Sati biyu."

"Kuma kika tako cikin wannan ranar? Iliyasu, ba ƙanwarka haƙuri a gaban ubanta. In ka gama, ɗauko lemata ka raka matarka gida."