Mai Zama a Gaba

"Ba zan tashi ba, Mama."

Marit ta ƙara riƙe igiyar katakon da ake sulu da shi a gangara, ta kafe takalmanta cikin dusar ƙanƙara. Mama Ingrid, uwar saurayinta Soren, ta tsaya a kanta da kofin kofi yana tururi.

"Ke yarinya, ba gaba nake yi da ke ba. Yau gasar iyalai ce, duk gari ya hau tudun nan. Linnea ce ke zama a gaba tun suna yara."

"Tun suna yara. Yanzu sun girma."

Linnea, 'yar maƙwabtan su Soren, ta gyara jar hularta tana murmushi.

"Lauya, nan fa ba kotu ba ce. Gangara ba ta jin dogon bayani."

Mutane suka kwashe da dariya. Har Soren sai da ya dara kafin ya kama bakinsa. Wannan 'yar dariyar ta fi sanyin ranar shiga ƙashin Marit.

A gidansu Soren, mai zama a gaba ita ce idon kowa. Ita ke ganin kwana, ta yi ihu "hagu" ko "dama", na baya su karkata jikinsu ba musu. Mama Ingrid ta yi wa mijinta wannan zama har ƙafafunta suka gaza. Duk hunturun nan Marit tana tasowa daga ofishinsu na lauyoyi ta zo tudun ita kaɗai, ta faɗi ta tashi, gwiwoyinta duk tabo, don kada ranar ta zo a ce wadda Soren zai aura 'yar kallo ce.

Soren ya durƙusa kusa da ita.

"Masoyiyata, wasa ne fa... ki bar mata na bana kawai."

"Zoben wa ke hannuna?"

"Haba Marit!"

"Ka zauna a bayana, ko ka ce in tafi gida."

Ya zauna. Linnea ta ɗare can baya, ta zagaye ƙugunsa da hannuwanta kamar kayanta. Marit ba ta waiwaya ba, amma ta ji.

Aka tura su.

Iska ta mari fuskarta, garin ƙanƙara ya cika mata baki. Yara na ihu a gefe, katakon na gudu kamar zai tashi sama. Suka wuce iyali ɗaya, suka wuce na biyu. Soren ya yi shewa a kunnenta, zuciyarta ta yi fari tas.

Sai ga kwanar da aka jera dammunan ciyawa.

"Dama!" in ji Marit da duk ƙarfinta.

"Hagu!" in ji Linnea daga baya.

Ƙirjin Soren na manne da bayanta, don haka ta ji lokacin da ya zaɓa. Bai ko yi jinkiri ba. Jikinsa ya tafi hagu.

Katakon ya juye. Marit ta yi sama, ta sauko a kan hannunta, wani abu ya ce ƙas.

A asibiti, bayan an ɗaure mata hannu, Soren ya shigo idonsa jajur.

"Ki yafe mini, rabin raina. Wallahi ban yi tunani ba, jikina ne kawai ya..."

"Na sani. Shi ya sa."

"Wataƙila ma ke ce da gaskiya. Wataƙila dama ce."

"Ban damu da wa ke da gaskiya ba, Soren! Muryoyi biyu ka ji. Tawa ce ta fi kusa da kunnenka."

Mama Ingrid ta leƙo daga ƙofa, muryarta a sanyaye.

"'Yata, da kin ji maganata da yanzu muna gida muna cin abinci."

"Haka ne, Mama. Da kuma na aure shi ban san muryar wa yake bi ba."

Da ƙyar ma'aikaciyar jinya ta zare zoben daga yatsan da ya kumbura. Marit ta ce a miƙa wa Soren. Ya tsaya yana kallonta, hawaye na bin gemunsa, yana jiran ta sauko. Ita ma tana jin sonsa har lokacin, amma ta juya fuskarta bango har ya fita.

Sannan ta yi kuka, kuka mai yawa.

Hannun ya warke kafin ƙanƙara ta narke, ko da yake yana mata tsami duk ranar sanyi. An fasa auren. Gidan su Soren, wanda ta fara ɗauka gidanta, ya rufe mata ƙofa, kuma har yau tana son Soren. Abin da ƙin tashi daga gaban katakon ya jawo mata ke nan.